Daren Alhamis a Jidda da ɗan yayata

Jiya bayan Isha'i ɗan yayata ya ja ni wani shagon wasanni nan Jidda. Ni da na tashi ban san komai ba sai balot, kartar da ake bugawa a nan Saudiyya, da ludo, na ɗauka karta ce kawai. Ashe da sauran rina a kaba.

Teburin farko Magic: The Gathering ake bugawa, wasan da ya fito a 1993. Kowa da katunansa 60 da ya tara da kuɗinsa, kowane kati cikin 'yar leda kamar takardar iƙama ta izinin zama a Saudiyya. Fakitin kuma a rufe ake saye, cinikin biri a sama. Kowa na farawa da maki 20, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Na ga mai aljihu ya ɗan fi samun sarari, abin bai kwanta min ba.

Can ƙurya kuwa, Dungeons & Dragons ne, tun 1974 yake. Babu katin saye, babu wanda ake kayarwa. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya zama wani a ciki, sai ɗan ludo mai fuska 20 ya yanke ko dabararka ta ci. Na ce masa, "Kai yaro, ai wannan tatsuniyar Gizo ce, sai dai masu sauraro ma suna da baki."

Ya ce, "Kawu, zauna ka gwada."

Aka ce in zama ɓarawo a cikin labarin. Jifa ta farko na samu 2, mai gadi ya damƙe ni tun a bakin ƙofa. Har yanzu dariya yake min a WhatsApp.