Manhajar riga-kafi na nuna koren alama alhali ƙofar filashi a buɗe take

Ina da ƙaramin shagon buga takardu kusa da wata makarantar gaba da sakandare, kuma kusan duk aikin da ke shigowa hannuna a cikin filashi yake zuwa. Ɗalibi zai miƙo filashin da ya zaga kwamfutocin abokansa da na wasu shaguna, a buɗe masa aikin bincikensa na kammala karatu, a gyara, a buga. Idan lokacin miƙa ayyuka ya gabato, nakan soka filashi fiye da 30 a kwamfuta ɗaya kafin la'asar. Wannan ne ya sa shekara uku ke nan ina biyan kuɗin wata manhajar riga-kafin bayiros, da dala kuwa, duk da yadda canji ya yi tsada, kuma abin da ya ja ni gare ta shi ne sashen da ke binciken duk filashin da aka soka kafin a taɓa komai a cikinsa.

Bayan wata sabuntawa da manhajar ta yi wa kanta da daddare, sashen nan ya daina aiki ba tare da wata sanarwa ba. Ban lura ba sai da wata ɗaliba ta dawo da safe idanunta cike da hawaye, ta ce: "Malam, tun da na zo nan jiya duk foldodina suka koma shotkot, kuma jibi zan kai wa malamina babi na huɗu." Duk wanda ya yi aiki a shago irin nawa ya san wannan cutar. Tun da kamfanin Microsoft ya hana filashi tayar da manhaja da kansa, daga Windows 7 a 2009, masu ƙirƙirar irin wannan bayiros suka koma wata dabara: su ɓoye foldodin mutum na gaskiya, su ajiye shotkot (wato 'yan alamomin da ake dannawa su buɗe wani fayil da ke wani wuri) masu suna iri ɗaya a madadinsu, da zarar an danna sai bayiros ɗin ya tashi ya shiga kwamfutar, daga nan kuma ya bi duk filashin da aka soka bayansa. Takardun ba su ɓace ba, an dai lulluɓe su ne, kuma da attrib, wani umarnin Windows da ke iya bayyana fayilolin da aka ɓoye, na fito mata da su cikin 'yan mintoci. Amma na san cewa daga kwamfutata ta ɗauko cutar, kuma ban san filashi nawa suka fita daga shagon da ita a ranar ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin amanar mutane ce a hannuna.

Kafin in rubuta wa kamfanin, na so in tabbatar ba zargi kawai nake yi ba. Akwai wani fayil na gwaji da ake kira EICAR, wanda masu binciken bayiros a Turai suka tanada tun shekarun 1990: layi ɗaya ne mai haruffa da alamomi 68, ba ya cutar da komai, amma kamfanonin riga-kafi sun amince su riƙa kama shi tamkar bayiros na gaskiya, domin mai kwamfuta ya iya gwada tsaronsa. Na rubuta layin, na adana shi a cikin kwamfutar, nan take manhajar ta cafke shi ta killace. Na sake rubuta shi, na adana kai tsaye a filashi, na cire na mayar, na buɗe fayil ɗin, manhajar ba ta ce uffan ba. Na maimaita da filashi uku daban-daban a kwamfutoci biyu, sakamakon bai canza ba. A duk tsawon wannan lokaci babban shafin manhajar yana ɗauke da koren alama da rubutun da ke cewa na'urata tana cikin cikakken tsaro.

Na rubuta koke na tsanaki, na bayyana lambar sigar manhajar kafin sabuntawa da bayanta, da irin Windows da nake amfani da shi, da gwajin da na yi mataki-mataki, na haɗa da hotunan allo. Bayan kwana biyu amsa ta iso, tana gode mini, tana shawartata in kashe kwamfutar in kunna, in kuma tabbatar cewa sashen binciken filashi a kunne yake, alhali hoto na biyu da na tura yana nuna shi a kunne. Na amsa cikin ladabi. Sai wani ma'aikaci daban ya ce in goge manhajar gaba ɗaya in sake saukar da ita. Na yi hakan a kwamfutoci biyu, da datar da na saya da kuɗina, a kan janareto, na rufe shagon rabin yini ina mayar da masu kawo aiki, kuma matsalar tana nan yadda take. Na uku ya nemi in tura rahoton cikin manhajar, na tura. Na huɗu ya sake neman rahoton nan, kamar ba a taɓa turawa ba, sannan ya tambaye ni ko na gwada kashe kwamfutar in kunna.

Ba na ganin laifin waɗannan ma'aikata a matsayinsu na mutane, domin daga yadda amsoshin suke a bayyane yake cewa rubutaccen tsari aka ɗora su a kai, kuma kowane koke suna ɗaukarsa ne a matsayin kuskuren mai amfani har sai an ƙure su. Laifin na tsarin ne da ba shi da hanyar da bayanin wanda ya riga ya yi gwaji zai isa ga masu rubuta manhajar. Kuskure a manhaja ba abin mamaki ba ne, kowace manhaja tana yi. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a ce kamfanin da sana'arsa tsaro ce an kawo masa hujjar cewa wata ƙofa a buɗe take, amma cikin mako uku ba a samu mutum ɗaya da zai soka filashi a tasa kwamfutar ya maimaita gwajin minti biyar ba. Akwai kuma abin da yawancin mutane ba su sani ba: idan aka sa wata manhajar riga-kafi a Windows 10 ko 11, mai tsaron da ke zuwa tare da Windows ɗin, wato Defender, yakan janye ya bar mata aikin. Ke nan lokacin da tawa ta yi shiru a kan filashi, babu wani a bayanta da zai tare gurbin.

A mako na uku aka aiko mini da saƙo cewa an rufe koken nawa a matsayin wanda aka warware, tare da fom na bayyana gamsuwata da hidimar. Na sake buɗe shi, na rubuta cewa ba a warware komai ba, na sake haɗa hotunan, na roƙi a miƙa shi ga sashen injiniyoyi ko a faɗa mini yadda zan koma tsohuwar sigar da ke aiki. Har yau da nake wannan rubutu ban sami amsar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A yanzu na goge manhajar daga kwamfutar da ke karɓar filashin masu kawo aiki, na bar Defender ya koma bakin aikinsa, na kuma gwada shi da fayil ɗin EICAR a filashi ya kama. Na umarci yaron shagona da kada ya buɗe kowane filashi sai ya bincike shi da hannu tukuna, ko da layi ya kai bakin ƙofa, kuma mun kunna nuna ɓoyayyun fayiloli domin mu riƙa ganin abin da ke ciki da idonmu. Na bi ɗaliban da nake da lambarsu cikin waɗanda suka zo a ranakun nan, na ce su dawo da filashinsu in duba kyauta. Bakwai sun zo, huɗu daga ciki na ɗauke da cutar. Saura wata biyu kuɗin da na biya ya ƙare, kuma na riga na shiga asusuna na dakatar da cire kuɗin shekara mai zuwa.