Katin Barka da Sallah da hatimin kilina

Katin gaisuwa da aka yi da hannu, kallo ɗaya ake yi masa a gane ko mai shi ya san aikin. In an ajiye shi a tebur ya tsaya da ƙafarsa, bayansa inda aka ninke bai tsattsage ba, bugun hatimin kuma ya fito tsaf babu dabbaren tawada a gefe, to an gama magana. Duk ukun ba sa buƙatar kaya masu tsada. Kilina ta goge fensir wadda za a sassaƙa hatimin a jikinta, reza, rula, kwali da tawadar sitam sun isa a fitar da katin Sallah, na suna, ko na taya murnar saukar Alƙur'ani da ba za a ji kunyar miƙa wa surukai ba.

A fara da kwali, domin nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa. Takardar hoto-kwafi nauyinta giram 70 ko 80 ne a kowane murabba'in mita, ba ta tsayuwa, kuma tawada tana ratsa ta. Jikin kati yana son mai giram 250 zuwa 300. A shagunan kayan rubutu na Sabon Gari da na Samaru a Zariya ana samu, amma ka taɓa da hannunka kafin ka biya. Mai santsi da sheƙi, irin na katin ɗaurin aure, kada ka ɗauka. An shafe fuskarsa, ba ya shan ruwa, ita kuwa tawadar sitam ta ofis sai takarda ta tsotse ta take bushewa. A kan mai sheƙi za ta kwana a jiƙe, yatsa na taɓa ta ta goge. Wanda fuskarsa ba ta ƙyalli shi ne naka. Masu ɗab'i kuma sukan tara guntayen kwali masu launi da suka rage daga yanka, waɗannan sun fi komai dacewa da shimfiɗar ado.

Kwali girman A4 milimita 210 ne da 297. Raba shi biyu ta tsawonsa, ka sami guda biyu masu 148 da 210. Kowanne in aka ninke ya zama kati mai faɗin 105 da tsawon 148, wanda yake shiga ambulan mai lamba C6 daidai. Amma kada ka ninke da hannu kai tsaye. Auna milimita 105, ɗora rula, ka ja layi da tsohon biro da tawadarsa ta ƙare, sau biyu, da ɗan ƙarfi. Sai ka ninke yadda tudun da layin ya yi zai koma ciki. In duk da haka bayan ya tsage, to zaren takardar ka saɓa wa. Takarda tana da hanya kamar yadda katako yake da ita. Lanƙwasa ta a hankali ta nan da ta can, ɓangaren da ta fi saurin biyo ka shi ne hanyarta, kuma ninki ya bi wannan hanyar. Da hunturu abin ya fi tsananta, don kwalin ya bushe ƙayau.

Maganar zane kuwa, ɗan Zariya bai kamata ya je aro ba. Furannin Turawa da ake gani a intanet layukansu sirara ne, da inji aka yi hatiminsu, kilina ba za ta ɗauke su ba. Shiga cikin birni ka dubi fuskar tsofaffin zaurukan nan, ka dubi ƙofar fadar Sarkin Zazzau: layuka masu kauri, da'ira, murɗe, dagi. Hannun magini ne ya fitar da su a jikin bango, shi ya sa ba su da ƙananan tsirfa, kuma irin wannan kaurin ne reza take iya bi a jikin roba. Zayyanar allo ma haka, murabba'i da kusurwa uku da ake maimaitawa, hatimi ɗaya ƙarami ya isa a jera gefen kati duka da shi. Ka'idar dai kada layi ya gaza milimita 2 a kauri. In dagi za ka sassaƙa, lura da inda zare ɗaya yake bi ta ƙarƙashin ɗaya: a nan sai ka bar ɗan gibi hagu da dama. Wanda ya manta gibin nan, dagin nasa zai fito kamar raga, saƙar ta ɓace.

Kilina fara mai laushi ake nema, babba, wadda ba ta marmashewa. A wanke ta da sabulu ko a ɗan goga fuskarta da samfefa mai laushi, don sabuwa tana da santsin da yake sa tawada ta taru ɗigo-ɗigo. Zana abinka a takarda da fensir mai baƙi sosai, 2B ko sama, kifa takardar a kan kilinar, ka murza bayanta da farce. Zanen zai koma jikin robar a juye, kuma a juyen ake son sa, domin hatimi kamar madubi yake. Wannan ya fi muhimmanci a rubutu, boko ne ko ajami. Duk wanda ya rubuta “Barka da Sallah” kai tsaye a kan kilina ya sassaƙa, zai buga ta baibai.

Wajen yanka, naɗe gefe ɗaya na rezar da salatif saboda yatsa, ko ka nemi wuƙar yankan takarda mai kai siriri. Abin da ba shi da fensir shi ake cirewa, zurfin kamar milimita 2. Karkatar da bakin rezar waje, nesa da layin, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, kamar ginin katanga ta ƙasa. In ka yanka a tsaye ƙyam, ko ka shiga ƙarƙashin layin, bugu goma ba zai yi ba zai ɓalle. Kilinar ake juyawa a kwana, hannun da ke riƙe da reza yana nan inda yake. A ƙarshe datse duk robar da ta rage a kewaye, ita ce take kwaso tawada ta bar tabo a gefen zane.

Akwai haruffan roba na kanti da ake jerawa, sai dai ba su da ƙ, ɗ da ɓ. “Allah Ya ƙara lafiya” da k mara lanƙwasa kuwa bai yi ba. A buga k ɗin, in ta bushe a ƙara mata ƙugiyar da alƙalami mai launi iri ɗaya da tawadar. Ni dai shawarata game da sunan Allah da ayoyi ita ce kada a sa su a hatimi ko kaɗan. Kafin bugu ɗaya ya yi kyau sai an gwada biyar ko shida, kuma takardun gwajin nan shara suke tafiya. A bar addu'ar a rubuta ta da hannu a cikin kati bayan an gama komai.

Tawada kaɗan ake so. Daddaɓa hatimin a kan soson tawadar sau huɗu ko biyar, kada ka danna shi ya nutse, don in ya nutse tawada za ta cika ramukan da ka sha wahalar haƙawa. Shimfiɗa takardu biyar ko shida a ƙarƙashin abin da za ka buga, laushinsu yana sa ko'ina ya taɓa. Sauke hatimin a miƙe, danna tsakiya da gefuna da yatsa, ƙirga uku, ɗaga a miƙe. Jijjiga shi hagu da dama shi ke haifar da inuwa biyu. In tsakiya ya fito fari, teburin ne ba shi da daidai ko dannawar ba ta kai can ba. Mai son launin da babu a tawadar ofis, kamar ruwan zinare ko kore shar, ya shafa fentin akirilik siriri da guntun soso, amma ya wanke hatimin nan take, don in ya bushe a ramuka ba ya fita. Da hunturu kuwa yana iya bushewa tun kafin hatimi ya kai takarda, sai an yi sauri. Da damina akasin haka ne, a ba kowane bugu lokaci kafin a ɗora wani abu a kansa.

Kada a buga a jikin katin kansa. A yanka farin kwali mai 93 da 136 a buga a kai, in ya ɓaci ƙaramar asara ce. Wanda ya yi kyau a manna shi kan mai launi, 99 da 142, sannan a ɗora su biyun a fuskar kati. Ta haka kowace shimfiɗa tana leƙowa da milimita 3 a kowane gefe. Farin gam irin na kafintoci yana riƙewa sosai, amma ruwa ne a cikinsa, in ya yi yawa kwalin zai kumbura ya bushe a karkace. Ɗigo ƙanana nesa kaɗan da baki, a baje da guntun kwali, a sa katin tsakanin takardu biyu masu tsabta, a danne da littafi mai nauyi ya kwana.

Mai yin kati ashirin na Sallah ya yi yanka duka a zama ɗaya, jan layin ninki a zama ɗaya, bugu a zama ɗaya, hannu ya fi daidaita a haka. In an gama, a wanke hatimin da ruwa da ɗan sabulu, a bar shi ya sha iska a inuwa, a naɗe kowanne a takardarsa. Kada a zuba su cikin robar ajiya ko a haɗa su da rula ta roba, domin kilina in ta daɗe manne da roba, musamman a zafin bazara, narkewa suke yi su haɗe, kafin Babbar Sallah zanen ya tafi.