Gwanjon kayan hoki a Winnipeg

Ni dai sana'ata gwanjo ce, sai dai ba irin na Ƙofar Wambai ba. Kayan hokin ƙanƙara na yara nake saye ina sayarwa a nan Winnipeg ta Kanada, ɗan ƙaramin shago ne da injin wasa wuƙar da ke ƙasan takalmin ƙanƙara a lungu, ni da maman yara muke riƙe da shi. Ɗana ne ya jefa ni ciki. Yana shekara biyar ya dawo daga makaranta ya kafe shi lallai hoki zai yi kamar abokansa, garin nan kuma in hunturu ya kankama sanyi sai ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, yaron da ba ya hawa ƙanƙara to wata biyar zai yi a ɗaki shi da waya. Na shiga babban kanti na ce a haɗa min kaya, da aka buga lissafi wallahi sai da gabana ya faɗi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta ji labari ta jawo jakar jikanta daga gareji ta ce in ɗauka, kayan kamar ba a taɓa sa su ba. A ranar na gane kusan kowane gida a unguwar akwai irin jakar nan a jibge, yaro ya yi girma ya bar ta.

Kayan fa da yawa. Hular kwano mai ragar fuska, makarin wuya, na kafaɗa, na gwiwar hannu, safar hannu, wando mai soso, makarin gaba, na ƙwauri, doguwar safa, takalmi, sanda, ga jakar da za a zuba su. Ɗaya ya ɓace koci ba zai bari yaro ya taka ƙanƙara ba. To amma abin da nake gaya wa iyaye kullum shi ne, mafi yawansu gwanjo ya wadatar. 'Yan ƙasa da shekara 7, waɗanda ake cewa U7, ba a bangaje-bangaje a wasansu, tun 2013 ma hukumar hokin ƙasar, Hockey Canada, ta hana bangaza har ga 'yan shekara 11 da 12. Aikinsu faɗuwa da tashi ne kawai. Ka sayi na kamfanin Bauer ko CCM na gwanjo, ka duba igiyoyin da ke mannewa suna kamawa, roba ba ta tsage ba, shi ke nan. A wurina irin waɗannan dala goma ne zuwa ashirin kowanne.

Inda nake shan fama da 'yan uwanmu shi ne takalmi.

Mun saba tun a gida, kayan sallah a ɗinka wa yaro da ɗan girma ya kai baɗi. Wani bawan Allah mutumin Zariya ya zo min da 'yarsa mai shekara shida, ya ce Malam a ba mu wanda ya fi ƙafarta da lamba biyu, za mu cusa safa. Na ce Alhaji don Allah zauna ka gani. Na zaro shimfiɗar cikin takalmin na ajiye a ƙasa na ce ta taka, ga fili nan gaban yatsunta ya kai yatsa uku. Na sa mata na ɗaure, da ta miƙe sai idon sawunta ya karkata ciki, tana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Yarinyar da ta shiga fili a haka za ta yi ta faɗuwa, ga kumbura a dunduniya, bayan sati uku ta ce ita ba ta so, kuɗin rajista ya tafi a banza. Takalmin ƙanƙara ma ƙasa yake da na makaranta da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Yadda nake aunawa, a kwance igiya, yaro ya tura yatsunsa gaba har su taɓa, in yatsana ɗaya ya shiga bayan dunduniya to daidai ne, in biyu suka shiga ya yi yawa. Ya ce to baɗi fa? Na ce baɗi ka dawo min da shi in karɓa in rage maka kuɗin na gaba, ai a kan haka shagon yake tafiya.

In za ka saya a intanet, a Kijiji ko Facebook Marketplace, ba laifi, ni ma can nake samo wasu. Ka matsa gefen takalmin da hannu, in ya lanƙwashe kamar silifas ya mutu. Ka juya ka duba wuƙar, tsatsa kaɗan inji zai cinye ta, amma in an wasa ta har ta kusa ƙarewa ka bar shi. Kuma sabon takalmi daga kwali ba a wase yake zuwa ba, iyaye da yawa ba su san wannan ba, sai yaro ya hau ya yi ta santsi suna cewa bai iya ba.

Hular kwano kam ba na wasa da ita. Dole sai mai sitikar CSA ta shaidar inganci, ita ake yarda da ita a Kanada, kuma ni duk wadda ta wuce shekara biyar ko na ga tsaga ko soson ciki ya bushe, ba na karɓa ko kyauta ce, yanke igiyarta nake in jefa a shara kar wani ya tsinta. Na sha asarar ciniki a kan haka, wasu har fushi suke. Kan yaro ne fa. Wanda zai sayi abu ɗaya sabo to ya sayi hula. Makarin wuya shi ma sabo, mai tambarin inganci na BNQ, ba shi da wata tsada. Bayan rasuwar ɗan wasan hoki Adam Johnson a Sheffield ta Ingila a watan Oktoba 2023, da wuƙar takalmi ta yanke shi a wuya ana tsakar wasa, ban ƙara jin uban da ya tambaye ni ko dole ne ba.

Sanda kuwa ta katako ta isa, a yanke ta daidai hancin yaro in yana tsaye da safa.

Lokacin saye ma sana'a ce. Maris da Afrilu da kakar wasa ta ƙare ne kaya ke zubowa da araha, a nan nake cika sito. Wanda ya jira Satumba, farkon sabuwar kakar wasa, sai ya tarar ƙananan lambobi sun ƙare. Aikin da ya fi cin ranmu wanki ne, don warin kayan hoki sai wanda ya shaƙa, musamman safar hannu. Maman yara ke jiƙa su da ruwan ɗumi da binega, mu shanya gaban fanka kwana biyu, wanda ya ƙi sakin wari ba ya hawa kanta.

Wanda hannunsa bai kai ba ko na gwanjon, ba na barinsa ya fita haka. Akwai shirin First Shift na yara 'yan 6 zuwa 10 da ba su taɓa yi ba, kuɗi ɗaya ake biya a ba yaro kaya tun daga kai har ƙafa da darasi shida. Akwai shirin Jumpstart na kantin Canadian Tire da ƙungiyar KidSport masu taimaka wa da kuɗin rajista, fom ɗin ma a kan teburina muke cikewa. Ciniki nake korewa da hannuna, na sani, amma ina son ganin yaranmu a filin. Hoton tsohon ɗan wasa Jarome Iginla na manna a bango, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a babbar gasar hoki ta NHL, yara in sun shigo su tsaya suna kallonsa.

Mutumin Zariyan nan ya dawo a Afrilu da takalmin a leda, ƙafar yarinya ta ƙaru da lamba ɗaya. Na karɓa na ba ta na gaba, nata kuma na wasa shi na sa sabuwar igiya, yana kan kanta ta biyu yanzu yana jiran Satumba.