Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kujerun Oklahoma

A makon jiya na tsaya inda na sauka Amurka karatu a 2016, da jaka ɗaya da kunnen hagu da ba ya ji sosai. Kunnen nan tsarabar ranar 28 ga Nuwamba 2014 ce, ranar da aka tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Juma'a na Kano, aka kashe mutum fiye da ɗari. Yayana na cikinsu. Sahu biyu ne tsakanina da shi.

Wata Asabar abokin ɗakina ya ja ni cikin birnin Oklahoma, wai in ga gari. Bai san labarina ba, ni ma ban taɓa ba shi ba.

Muka tsaya a wurin tunawa da waɗanda bom ya kashe a birnin. Ƙofofi biyu ne manya, ɗaya an rubuta 9:01, ɗaya 9:03, ruwa kwance a tsakaninsu. Mintin da ke tsakiya shi ne lokacin da bom ya tashi da ginin gwamnati na Murrah, ranar 19 ga Afrilu 1995. Da farko Musulmi aka fara nuna wa yatsa, ashe tsohon sojan Amurka ne, Timothy McVeigh.

Sai kujerun. Guda 168, adadin waɗanda suka mutu, babu kowa a kansu, layi tara saboda benen hawa tara ne, kowacce da sunan mai ita. Sha tara ƙanana ne, na yara, don akwai wurin reno a ginin. A gaban wata ƙarama gwiwata ta ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa ina ta maimaita innalillahi. Daga baya na ga bangon da aka zana sunayen waɗanda suka tsira, fiye da 600. Wato har irina an tuna da su.

Gaskiya na ji kishi. Mu an wanke masallaci, an binne, an yi zaman makoki, shi ke nan.

Da dare na kira Inna na ba ta labari.

"Inna, da ma a ce sunan Yaya na rubuce a wani wuri."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kullum da asuba ina kiran sunansa. Kai dai ka ci abinci?"

Ban ci ba. Abokin ɗakina na tsaye a bakin ƙofa da faranti, yana jiran in yi masa bayani. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.