Zabiyar da ke cikin kwamfuta

Situdiyona ɗaki ɗaya ne a Agege, ba nisa da layin dogo. Idan jirgi zai wuce sai mu dakata da ɗaukar murya har ya yi nisa. Abin da ke kawo kuɗin cefane shi ne waƙar talla da ta biki: mai shagon atamfa, dillalin tumatir a Mile 12, ango mai son a ambaci sunan amaryarsa sau goma. Kiɗa ba ya ba ni wahala, fiyano na nan. Amshi ne ciwon kai, don zabiya mai Hausa tsantsa ba ta da yawa a Legas. Da can sai in tura kiɗan Kano ta WhatsApp, in biya, in zauna jira, mai aiki kuma yana kira safe da yamma.

Wannan jiran ne ya kai ni ga manhajojin da ke rera waƙa. Abin ya daɗe a Japan. Kamfanin Yamaha ne ya ƙirƙiro Vocaloid, ta shiga kasuwa a 2004, sannan a 2007 aka fito da muryar Hatsune Miku wadda ta karaɗe duniya. Ni Synthesizer V ta kamfanin Dreamtonics nake amfani da ita. Za ka zana sautin waƙa a kan allo, ka rubuta gaɓa a ƙarƙashin kowane sauti, sai ta rera.

Sai dai ba ta jin Hausa. Da farko na bi ta Turanci, na sha kunya, don kamar baturiyar mishan ce ke karanta wasiƙa. Da na koma Jafananci sai abin ya sauya. Wasulansu biyar ne kamar namu, ra ɗinsu na kusa da tamu, fa ɗinsu ma da leɓɓa suke hura ta kamar yadda Bakano ke yi. Inda ta gaza, kamar harafin la da ba su da shi, sai in juya wannan gaɓar kaɗai zuwa wani harshe.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa babu su ko'ina. Wani Alhaji mai sayar da shinkafa ya ba ni talla, amshin na cewa kayansa ba ƙarya. Na kunna masa, ya saurara sau biyu, ya cire hula ya sosa kai. "Malam, wace karya kuma ta shigo shagona?" Na ce Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe. Daren nan na ɗauki muryata ina ta faɗin ƙa, ƙa, ƙa, na yanko ɗan ƙwas ɗin farkon kawai na liƙa a gaban wasalin zabiyar. Tun daga ranar na tara ɓa da ɗa da ƙa da tsa a jaka guda, ina ciro su kamar kayan miya.

Wanda ya fi wannan cin lokaci shi ne tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake tuƙa tuwo da shi da garin da ake zama a ciki rubutunsu ɗaya ne, baki ne ke raba su. Idan ka ba gajeren wasali dogon sauti, ko ka ɗaga inda Bahaushe ke saukewa, ko yaro zai ji cewa baƙuwa ce. Shi ya sa nake fara rera waƙar da kaina, da wannan muryar tawa ta kwaɗo, in bi sawunta wajen zane.

Bayan haka sai in shiga ɓata ta da gangan. Na'ura ba ta gajiya, ba ta makara, numfashinta ba ya ƙarewa, kuma nan ne asirinta ke tonuwa. Ina sa mata jan numfashi kafin kowane baiti. Ina jinkirta wasu gaɓoɓi kaɗan su faɗo bayan kiɗa. Rawar muryar da take zuwa da ita ina rage ta sosai, in bar ta a wutsiyar dogon sauti kawai. Abu ɗaya da ke taimakona: kunnen mutanenmu ya saba da Auto-Tune, manhajar da ke gyara muryar mawaƙi, a waƙoƙin fim, don haka ɗan ƙarfe-ƙarfen da ya rage ba ya damun kowa.

Ba na ɓoye wa mai aiki. Ina gaya masa wannan muryar kwamfuta ce, kuɗinta kaza, ta mutum kuma kaza. Masu talla yawanci kwamfuta suke ɗauka. Masu biki ba sa yarda, kuma ban ga laifinsu ba, don kirarin uwar amarya yana son wadda za ta yi guɗa a tsakiya. Na gwada zana guɗa sau uku. Abin da ya fito ya fi kama da jiniyar motar asibiti a kan gadar Oshodi, sai na goge na kira Kano.