Antakiya da gardamar cin tuwo tare

Girgizar ƙasar da ta afka wa kudancin Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ce ta sa mutane da yawa a nan Kano suka fara jin sunan Antakiya a rediyo, alhali birnin ya haura shekara dubu biyu. Selukas, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar Mai Girma, shi ya kafa shi a bakin kogin Asi wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa masa sunan mahaifinsa. Bayan Rumawa sun karɓe shi a shekara ta 64 kafin miladiyya, Rum da Iskandariya kaɗai suka fi shi girma a daularsu.

Birni ne na fatake, inda Girkawa da Suriyawa da Yahudawa suke cuɗanya, kuma a ganina wannan cuɗanyar ce ta ba shi matsayinsa a tarihin Kiristanci. Littafin Ayyukan Manzanni na cikin Baibul ya nuna cewa bayan an jefe Istifanas, ɗaya daga cikin mabiyan farko, a Urushalima mabiya sun watse, sai wasu mutanen Kubrus da na Kurane, wadda take cikin Libiya ta yau, suka isa Antakiya suka fara yi wa Girkawa wa'azi. Barnaba, wani jagoran mabiyan, ya je garin Tarsus ya ɗauko mai wa'azi Bulus, suka shekara suna koyarwa, kuma a can aka fara kiran mabiyan da suna Kirista.

Daga nan ne matsala ta taso: shin wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya kafin a karɓe shi, kuma ya halatta a ci abinci da shi? Bitrus, almajirin Annabi Isa, ya kasance yana ci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, amma da baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban jama'a. Duk wanda ya san yadda ake zama tsakanin cikin birni da Sabon Gari ya san cewa maganar wanda za ka sa hannu a kwano ɗaya da shi ba ƙarama ba ce. Ra'ayin da ya sauƙaƙa wa waɗanda ba Yahudawa ba ne ya yi rinjaye, kuma daga Antakiya Bulus ya tashi tafiye-tafiyensa na wa'azi.

Musulmi ma suna da nasu labarin birnin, domin malaman tafsiri da dama sun ce ita ce alƙaryar da aka ambata a Suratu Yasin, ko da yake Ibnu Kasir bai gamsu da hakan ba. Masallacin Habibu Najjar, mutumin da ake cewa shi ne muminin da surar ta ambata, yana cikin gine-ginen da girgizar 2023 ta rusa.

Birnin ya sha wuya tun da can: girgizar ƙasa a 526, farmakin Farisawa a 540, sannan Sarki Baibars na Masar ya ragargaza shi a 1268. Manyan limaman coci da ke riƙe da sarautar Antakiya har yanzu suna nan, amma a Dimashƙa da Labanan suke zaune.