Abin da waƙoƙin Vocaloid suka koya min a aikin situdiyo

Ni aikina haɗa kiɗa ne da gyaran murya a wani ƙaramin situdiyo, galibi waƙoƙin biki da na soyayya muke yi, kuma a neman sabon salon kiɗa a YouTube na ci karo da waƙoƙin Japan ɗin nan da ba mutum ne yake rera su ba. Manhaja ce ake kira Vocaloid, kamfanin Yamaha ne ya ƙirƙiro ta, ta fara shiga kasuwa a 2004. Amma ba ta yi tashe sosai ba sai ranar 31 ga Agusta 2007 da wani kamfani a birnin Sapporo mai suna Crypton Future Media ya fitar da Hatsune Miku, wata muryar Vocaloid da aka ba ta siffar yarinyar zane mai doguwar suma kala tsakanin kore da shuɗi.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne muryar ta mutum ce tun asali. Wata mata mai aikin murya, Saki Fujita, ita ta shiga situdiyo aka ɗauki gaɓoɓin sautinta ɗaya bayan ɗaya aka adana. Kai kuma da ka sayi manhajar sai ka zana kowane sauti a kan allo, ka rubuta gaɓar da za ta faɗa a ƙarƙashinsa, sannan fa aiki ya fara. Domin in ka bar ta haka ka danna, wallahi abin da za ka ji a bushe yake, ba rai ko kaɗan. Sai ka zauna ka lanƙwasa layin murya da hannu, ka sa ta ɗan zame kafin ta hau sautin, ka ƙara karkarwa a ƙarshen baiti, ka rage ƙarfi a wani wuri, har numfashi sai ka ɗauko ka dasa shi a inda mutum zai ja iska.

Nan ne abin ya taɓa ni. A situdiyoyinmu kullum aikin da ake yi shi ne share waɗannan abubuwan, mawaƙiya ta gama rerawa a yanke numfashinta, a matse muryar da oto-tun, wato manhajar daidaita murya, har ta miƙe sambal, ba ɗan zamewar nan da ke sa tsikar jiki tashi. Su kuma masu Vocaloid can mutum ya raba dare yana ƙoƙarin saka abin da mu mawaƙanmu suke zuwa da shi kyauta. Yanzu in ina gyara murya ina sauraron numfashin tukuna kafin in taɓa shi, kuma akwai wata mai yi mana amshi da muryarta ke ɗan karyewa in ta hau sama, na ce wa maigidan situdiyon, Oga don Allah a bar wannan yadda yake. Ya saurara ya gyaɗa kai.

Na gwada sa Miku ta rera Hausa ma. Wasulan Japananci biyar ne irin namu, a i u e o, kuma gaɓoɓinsu yawanci baƙi da wasali ne, shi ya sa wasu kalmomin suke fita ras. Sai dai ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, kuma tsawon wasali da hawa da saukar karin sauti duk sai ka gina da kanka, in ba haka ba ma'anar ta gudu. Ban taɓa lura da yawan aikin da bakin Bahaushe yake yi a baiti ɗaya ba sai da na zo zana shi.

Wani abin kuma shi ne mutanen da ke bayan waƙoƙin. Yawancinsu matasa ne masu rubutu da kiɗa amma ba su da mai rera musu, ko kunya ba ta barinsu su fito, sai su ɗora a shafin bidiyo na Japan mai suna Nico Nico Douga da sunan ɓoye, wani ya zana hoto, wani ya haɗa bidiyo, wani ya sake rerawa da muryarsa. Kenshi Yonezu da yanzu yake cikin manyan mawaƙan Japan a haka ya faro da suna Hachi, shi ma Ayase na ƙungiyar waƙa ta YOASOBI daga nan ya taso. A wajenmu ko sunan wanda ya haɗa kiɗa ba kasafai ake faɗa ba, su kuwa sunan furodusa ne ake bi ana neman waƙa. Akwai yara biyu da suke zuwa koyon aiki wajena, ɗayan yana da littafi cike da baitoci amma ba ya iya buɗe baki a gaban makirfo, na nuna masa UTAU, wata manhaja irin wannan ta kyauta da ta fito a 2008 wadda mutum zai iya ɗaukar muryarsa ya zuba a ciki, yanzu haka yana ɗaukar gaɓoɓin Hausa da muryarsa, ya fara da ƙa ƙi ƙu.